Tabaryar Hajo da Tankin Sarkin Awo

Kai, ajiye min wannan guntun icen! Wutar shayi za ka hura da shi? To ka fara sa rigarka, ta fi shi sauƙin samu. Ku dai samarin yanzu, duk abin da ba ya walƙiya shara ne a wurinku. Kun tarar da akwati cike da sifana, kowane noti da tasa, shi ya sa kuka ɗauka aikin mota kwancewa ne da ɗaurewa. Juyo bakinsa ka gani: tsaga uku, rami a tsakiya, huda a gindi. Wannan sifana ce, kuma ta girmi uban kowannenku. Ku zauna ku ji. Motar da kuke rawar jiki a kanta ba inda za ta, ko taya babu a jikinta.

Gejin tanki kun san sunansa, amma rabinku ba ku taɓa ganin cikinsa ba. Faifan ƙarfe ne a saman tanki, da doguwar waya a ƙarƙashinsa, a bakin wayar akwai ƙwallon tagulla kamar ƙwan agwagwa, ba komai a cikinsa sai iska. Mai ya cika, ƙwallo ya taso, allura a gaban direba ta hau. Mai ya sauka, ita ma ta sauka. Abin da ke riƙe da faifan wani zobe ne mai kunnuwa uku, a murɗa shi hagu ya saki. Da baki kam an gama aiki.

Wanda ya koya min tsoron wannan zoben ubangidana ne a Katsina, Audu Fita, wanda duk gari ke kira Babu-Gira, amma ba a gabansa ba. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Tun kafin in je ya taɓa ɗora cizil a kunnen zoben wata babbar mota, ya buga da guduma. Tartsatsi ɗaya ya fita. Da hayaƙi ya lafa, babu rufin rumfa, babu gemu, babu gira. Gemu ya dawo, gira ta ce ita ta tafi ke nan. Saboda haka karatun farko da yake yi wa kowa, kafin ma ya nuna maka yadda ake riƙe sifana, shi ne ƙarfe ba ya dukan ƙarfe a kan tanki. Na biyu, tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke mugunta, don tururin ne ke tashi da mutum. An ce akwai sifana ta musamman da masu ƙera motar suka yi don zoben. An ce tana Kano. Har na bar hannun Audu Fita ban ga wanda ya taɓa ganinta ba.

Na dawo gida Batsari 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Mu asalinmu maƙera ne, kuma tsohona bai taɓa yarda aikin mota sana'a ba ne. Cewa yake, "Ƙarfen da wani ya ƙera kake cirewa kana mayarwa, mene ne naka a ciki?" Sai kuma na faɗa a mummunar shekara. Ruwa ya ɗauke gyaɗa tana fure, gero ya tsaya iya gwiwa. Motocin da ke zuwa kwasar gyaɗa suka daina zuwa, don babu abin kwasa. Ni da na yi shekara bakwai ina kwance inji, na koma liƙin bokiti da fitilar aci-balbal da facin keke. Tsoho ya riƙa wucewa ta gaban rumfata yana gyaran murya.

Mota ɗaya ce ta rage tana bin hanyarmu a kai a kai, ƙarama mai rufin tamfol, ta Baturen gona. Sarkin Awo muke ce masa. Ruwan sama aunawa yake, tsawon kara aunawa yake, faɗin kunya aunawa yake, har an ce ruwan shayinsa ma sai ya duba agogo. Mutum bai dame shi ba, amma duk abin da ke da allura da lamba, to ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Hausarsa ta littafi ce, a tsaye kamar sanda, sai dai yana jin duk abin da aka faɗa, har wanda ba a so ya ji.

Direbansa Iro ne, Bafillacen Safana, abokin wasana, tunda ni maƙeri ne. Shanun gidansu sun ƙare, ya koyi tuƙi. A wannan shekara aikin nan na Iro shi ke ci da tsohuwarsa da matarsa da 'ya'yan wansa marigayi. In aka karɓe makullin nan daga hannunsa, gida guda ne zai kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma babu wata motar da zai koma.

Iro yana da hali ɗaya irin na direbobin lokacin: bai yarda da allura ba, sai karan dawa. Ya feƙe kara, ya yi masa tsaga-tsaga da wuƙa, ya zura a tanki, ya zaro ya duba inda ya jiƙe. Wata rana ɓargon kara ya gutsure, ya toshe bututun mai, mota ta mutu a cikin yashi wajen Darini, Bature ya tako da ƙafa da tsakar rana har Batsari, ya iso ja wur. A ranar ya yanke hukunci a gaban mutane: in ya sake ganin kara a tankinsa, Iro ya ajiye makulli.

To, ranar da nake ba ku labari, da hantsi, ina liƙin wata buta, sai ga Iro a guje, hula a hannu.

"Sallau, tashi, na mutu!"

Na ce, "Ga ka kuwa kana gudu. Ku Filani ko mutuwa ba ku iya yi a natse ba."

Ya ce, "Bar wasa, don girman Allah. Jiya mun iso bariki allura tana ƙasa, ya ba ni garwa biyu in zuba. Na zuba, wallahi na zuba. Yau da safe ya tayar da mota, allura ba ta motsa ba. Ya ce na sayar a kasuwa. Alƙali yake kira."

Na ɗauki tiyo na bi shi. Muka tarar da Sarkin Awo a tsaye da lofe a baki, ga dogarin hakimi, ga mutane sun fara taruwa daga nesa, tunda shekarar babu aikin gona, kallo ya zama sana'a. Na gaishe shi, na nemi garewani, na zura tiyo na tsotsa. Har yau in na tuna sai in ji ɗacin a maƙoshina. Mai ya zubo, garwa ta cika, ta biyu ta cika, har da ragowa. Bature ya zura yatsa ya sansana, ya duba bakin garwa. Sannan ya juya ya ce, "Iro, kai ba ɓarawo ba ne. Na yi kuskure."

Na ce alhamdu lillahi, na fara naɗe tiyo. Ashe ban san Sarkin Awo ba.

Ya ce, "Amma allura ba ta yin ƙarya haka kawai. Makanike, za ka buɗe, zan tsaya in gani. Idan ta lalace da kanta, ba laifin kowa. Idan hannu ya jawo, mai hannun zai tafi. Bayan azahar zan tashi zuwa Safana."

Ya shige ɗaki. Na dubi Iro don in yi masa barka, sai na ga fuskarsa ta fi ta ɗazu muni. Ya ja ni bayan mota.

"Sallau, akwai kara a ciki."

"Akwai me?"

"Jiya kafin in zuba na ce bari in gwada. Ya suɓuce min. Ina jin shi ya hau kan ƙwallon ya danne shi."

Na ce, "Amma kai dai an yi ɗan banza! An ce maka bari, ka ƙi bari, kuma ka rasa ranar da zai suɓuce sai shekarar yunwa? Guda nawa?"

Ya ce, "Ɗaya."

Ku riƙe wannan amsar, za mu dawo kanta.

Na mayar da man cikin tanki, don karatun Babu-Gira, na cire wayar batir, na ɗaga kujerar direba. Tankin a ƙarƙashinta yake, an bar wa geji 'yar kafa da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Zoben yana can ƙasa, jar ƙasa da tsatsa sun haɗe shi da tanki sun zama abu ɗaya. Na kankare da tsinke, na ɗiga masa man gyaɗa da kananzir, na gwada da yatsu. Ko gezau. Dogari ya leƙo ya ce, "Ga guduma can, ka ɗan taɓa shi mana." Na ce ya fara zuwa ya yi sallama da iyalinsa, sannan ya dawo ya riƙe min cizil. Ya ja da baya.

Sai da ice. Na ruga rumfa, na yanki gora mai kauri, na yi mata tsaga uku, na dawo na ɗora na murɗa. Ta tsage gida biyu kamar rake. Na gwada reshen bedi, kunnuwan zoben suka cinye shi. Rana tana hawa, Iro yana bina a baya yana salati. Ice nake so mai tauri, busasshe, wanda faɗinsa ya yi daidai da zoben, kuma babu lokacin shiga daji. Na shiga gida don in sha ruwa, sai idona ya faɗa a kanta, an jingine ta a jikin turmi.

Tabaryar matata Hajo ce. Ƙirya ce tsantsa, baƙa, ta sha hannu har tana sheƙi. Ta uwarta ce, da ita aka kawo ta gidana daga Darini, kuma ko maƙwabta ba ta ba su aro. Ga gero a turmi ta jiƙa za ta yi surfe, geron da a shekarar kowace ƙwaya an san da ita. Ita kuma ta tafi rijiya. Na auna kan tabaryar da yatsuna, na ga kamar don zoben aka sassaƙa ta. Na tsaya na yi tunani, gaskiya na yi, amma bai kai minti ɗaya ba. Na saɓa ta na fita ta bayan gida kamar ɓarawon akuya.

Yanzu ku kula, nan ne aikin yake. Na yanke kamu ɗaya da rabi daga kanta, sai da zarto ya yi zafi. Na koma bariki, na kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa, na shafa a kunnuwan zoben, na danna icen a kai na ɗaga. Tabo uku suka fito, ba sai na yi awo ba. Na dawo maƙerar tsoho, na sa rodi a wuta, na ƙona rami a tsakiya inda kan waya zai shige, na ƙona huda a gicciye inda zan zura ƙota. Tsagogin kuma da magagari na ci su, a hankali, ina gwadawa da ƙusa, don in suka yi faɗi za su zame, in suka yi zurfi icen zai ɓalle. Tsoho yana zaune yana kallo. Da na gama ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Yau dai ka ƙera wani abu." Sannan ya ƙara dubawa ya ce, "Wannan ba tabaryar Hajo ba ce?" Na ce ita ce. Ya ce, "To ni ban gan ka ba."

Saura maganar kara. A hanya na zari wani daga danga, na yi masa tsaga irin ta Iro. Dabarata ita ce in jefa nawa a gaban Bature, in an buɗe duk karan da ya fara fitowa in ce nawa ne, in sha zagi, ɗayan kuma in bar shi a ciki sai wata rana. Allah ya yafe min, ƙarya na shirya tsaf.

Ana kiran azahar muka yi salla, muka dawo, Bature ya fito. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kashe lofe." Ya dube ni, ya dubi tanki, ya kashe. Na ɗauko karana na nufi bakin tanki.

Ya ce, "Na hana kara."

Na ce, "Direba ka hana, ranka ya daɗe. Mu makanikai sai mun taɓa ƙwallon ta ciki kafin mu buɗe." Na zura, na ɗan jujjuya, na sake shi. "Wayyo, ya suɓuce!"

Ko ni da na faɗa ban yarda da muryata ba. Bature ya yi ta faɗa da Turanci, na sunkuyar da kai ina "tuba nake", Iro yana gefe yana girgiza kai wai shi mamakin sakacina yake. Na ce a raina, bari mu gama, zan gamu da kai.

Na ɗora sifanata a kan zoben, ta zauna daram. Na zura ƙota a huda, ni gefe ɗaya, Iro gefe ɗaya, muka murɗa. Ice bai tsage ba, amma zobe bai motsa ba. Muka sake, gumi yana ɗiga, jijiyar wuyan Iro ta tashi. Shiru. Abin da yake so duka ne daga sama, a girgiza tsatsar yayin da ake murɗawa, ga hannuwanmu duka a kan ƙota, guduma kuma ba ta zuwa kusa.

Sai na ji mutane suna darewa a bayana. Ban juya ba na san ko wace ce. Hajo ce, mayafi a karkace, ragowar tabarya a hannu.

"Malam, ina kan tabaryata?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, aikin gwamnati ne."

"Gwamnati ce za ta surfa min geron da ke tsami a turmi? Tabaryar Inna! Shekara nawa tana daka ba ta ko tsage ba, sai yau ka yanka ta kamar rogo? Duk icen da ke ƙasar Batsari bai ishe ka ba?"

Bature ya tambayi dogari wace ce, aka gaya masa. Ya cire hularsa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Iro ya ce, "Hajo, ki taimake ni, aikina ne zai tafi. Tsohuwa tana Safana ba ta san abin da ake ciki ba."

Ta dube shi, ta dube ni, ta leƙa ramin. Ta ce, "Me kuke so da shi?"

Na ce, "Duka ɗaya a tsakiyar kansa, daidai lokacin da muka murɗa. Kada ki taɓa ƙarfe."

"Ni za ka koya wa daka? Kawar da kanka, kada in yi kuskuren da nake so in yi."

Ta gyara ɗaurin zane, ta hau matakin mota, ta ɗaga. Muka murɗa, ta sauke. Tim! Duk fushin tabaryar Inna yana cikin wannan dukan. Zobe ya yi ƙara, ya juya, ni da Iro muka tafi tare muka gwara kai. Mutane suka ɗauki sowa.

Na zare zoben, na ɗaga geji a hankali, na karkata wayar har ƙwallon ya fito, na ajiye a kan tsumma. Kafin in miƙa hannu in tsamo karana, Sarkin Awo ya riga ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Tanki cike, abin da ke yawo a kan mai duk ya taso bakin rami. Ya sa yatsu biyu ya jawo kara, ya shimfiɗa a kan bonet.

"Ɗaya. Na makanike."

Na ce, "Shi ne, ranka ya daɗe, bari in rufe kada ƙura ta shiga."

Bai saurare ni ba. Ya sake sa yatsu. "Biyu." "Uku." Wannan ya yi baƙi, ya daɗe. "Huɗu." Ya ɗan kaɗa man da yatsa, ya jira. "Biyar."

Na manta da Bature, na manta da dogari. Na ce, "Iro! Ba ɗaya ka ce min ba?"

Ya ce, "Ɗaya jiya. Ba ka tambaye ni na baya ba."

Hajo ta ce, "Wannan ai ba tanki ba ne, danga ce. Da kun faɗa, da na zo da igiya an ɗaure dami."

Mutane suka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don Bature ya miƙe, ya goge hannu, ya buɗe tafinsa a gaban Iro. "Makulli." Iro ya laluba aljihu, ya ajiye masa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, ga haushinsa, ga haushin kaina da na yi ƙarya a banza, na kuma rasa tabarya.

Don in kawar da idona, na sunkuya na ɗauki gejin. Sai na ji nauyi. Ƙwallon da ya kamata ya zama kamar babu komai, ya cika hannu. Na kai shi kunne na girgiza. Cakal, cakal. Na juya shi, ga ɗinkin tagullar ya yi kore, ya buɗe siriri kamar zare.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka sa makullin a aljihu, saurari wannan."

Na girgiza masa a kunne. Na sa aka tsiyayo mai a kwano, na saki ƙwallon, ya nutse har ƙasa ya zauna. Na ce, "Kara bai taɓa shi ba. Ya fashe ne da kansa, yana shan mai kaɗan kaɗan, jiya ya ƙoshi. Wannan koren ba na kwana ɗaya ba ne. Allurarka ta daɗe tana yi maka ƙarya."

Ya juya ga Iro. "Ka sani?"

Iro ya ce, "Tun farkon damina, ranka ya daɗe. In na zuba garwa sai ta nuna rabi. Shi ya sa na koma ga kara."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Ai ba ka son a zagi allura."

Dogari ya yi tari don ya ɓoye dariya. Bature bai yi dariya ba. Ya zaro 'yar rularsa daga aljihu, ya jera karan Iro huɗu kai da kai, ya ware nawa gefe da ɗan yatsa kamar abin ƙazanta. Ya auna tsagar farko, ya auna ta biyu, ya koma kan na gaba. Duk huɗun tsagoginsu sun zo daidai, babu wadda ta ɗara wata. Ya tambaya kowace tsaga nawa ce, Iro ya ce galan ɗaya. Ya zura ɗaya ta ramin geji, ya zaro, ya ƙirga, ya yi lissafinsa a ka. Na ga kunnuwansa sun yi ja.

Ya ce da ni, "Ana samun sabon ƙwallo a Batsari?"

Na ce, "Ba a samu, ranka ya daɗe."

"Katsina?"

"Sai dai Kano, shi ma sai an aika an jira."

Ya tsaya yana kallon hanyar Safana. Daga can ƙauyukan bakin dajin Rugu zai shiga, kwana da kwanaki, inda babu mai sayar da ko cokali ɗaya na fetur, ga shi ya taɓa ɗanɗana tafiyar ƙasa daga Darini. Babu allura, babu direba.

Sai ya ɗora ƙafa a kan taya, ya kwance igiyar takalminsa, ya zare ta gaba ɗaya. Ya zaɓi karan da ya fi kauri, ya ɗaure igiyar a wuyan karan, ƙulli biyu, ya ja ya gwada. Ya haɗa da makulli ya miƙa wa Iro.

"Ɗaya bakin igiyar a hannunka. Kullum."

Iro ya durƙusa zai yi godiya, Bature ya riga ya juya, ya nufi ɗaki, takalmi ɗaya ba igiya yana ƙara, fat, fat. Daɗin da na ji a wannan lokacin ko ranar da Audu Fita ya sallame ni ban ji irinsa ba.

Na mayar da geji, na ɗaure zoben da sifanata, suka tashi kafin la'asar. Iro ya tuƙa motar nan har ranar da Sarkin Awo ya bar ƙasar, kuma gidansu na Safana ya ga bayan shekarar ba a rasa kowa ba. Sabon ƙwallo ya iso daga baya, ni na sa shi, amma karan bai bar gindin kujera ba. Hajo kuwa, Iro ya kawo mata sabuwar tabarya, ta ɗaga ta ce wannan muciya ce. Ya kawo ta biyu, ta ce ba laifi. Duk da haka, har ta koma ga Allah, in muka yi baƙi sai ta ɗauko ragowar tsohuwar tabaryar ta sunkuya tana daka da ita a gabansu, don a tambaye ta dalili.

Kai mai shayi, na ga bakinka yana motsi. Kana so ka ce ai ƙwallon tagulla ana tafasa shi a ruwa man ya fita, a liƙe da dalma, ya koma aiki. Haka ne, ka fara zama makanike. Ni da na yi shekarar ina liƙin bokiti, dalma tana cikin aljihuna a ranar, kuma kafin a idar da sallar la'asar da na gama. Amma in allura ta tashi, wa ke buƙatar mai kara? Bature ya tambaye ni ko ana samun sabo, na gaya masa gaskiya. Bai tambaye ni ko ina iya gyara tsohon ba.

Mayar min da sifanata kan ƙusarta, ka nemi wani icen.